Yadda Za Ka Gano Abin da Ke Cinye Maka Kuɗin Wuta a Kaduna

Tun ranar 3 ga Afrilun 2024, lokacin da hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga 'yan Band A, wato rukunin da aka ce zai riƙa samun wuta aƙalla awa 20 a rana, daga kusan naira 68 zuwa naira 225, kuɗin wuta ya shiga sahun kuɗin makaranta da na cefane a gidaje da yawa na Kaduna. Bayan wata guda an ɗan sassauta zuwa naira 206.80, a watan Yuli kuma aka mayar da shi 209.50. Idan aka ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, yunit ya sake komawa wajen naira 225. A wannan farashin, katin dubu goma da a da yake ba da yunit sama da 130, yunit 44 kawai zai ba ka.

Daga nan sai rigimar ta koma cikin gida. Maigida yana tsawata wa yara su zare cajar waya, uwargida tana bi tana kashe ƙwan tsakar gida, alhali hita tana cikin bokiti a banɗaki, tana shan abin da caja ɗari ba za su sha ba. Wannan ne ke damuna, domin ana takura wa iyali a inda babu riba, an bar inda kuɗin ke zurarewa. Mita ba ruwanta da yawan kayan da ka jona. Abin da ke zafafa abu ko yake sanyaya shi, shi ne ke cin yunit, kuma ba za ka san wanne ne naka ba sai ka auna da kanka.

Mataki na farko: karanta rasit

Kuɗin wuta yana hawa ta hanya uku: ko farashin yunit ya tashi, ko yunit ɗin da gidan ke sha ya ƙaru, ko kuma ana cire wani bashi daga kuɗin da ka loda. Maganin kowanne daban ne, kuma rasit ne zai nuna maka wanda ya same ka. Ko a shago ka saya ko ta waya, kada ka tsaya ga lambobi 20 ɗin da za ka danna. Duba kuɗin da ka biya, yunit nawa aka ba ka, nawa aka cire na haraji, da ko akwai wani layi na bashi. Raba kuɗin da yawan yunit, abin da ya fito shi ne ainihin farashin da kake biya.

Tun shekarar 2020 aka kasa masu amfani da wuta rukuni biyar bisa awannin da ya kamata su samu a rana: Band A aƙalla awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Ƙarin 2024 ya faɗa kan Band A ne kaɗai, farashin sauran bai kai rabin nasu ba. Rukunin bai danganci girman gidanka ko sunan unguwarku ba, ya danganci fida, wato babban layin wutar da taransifomarku take kai. Shi ya sa a Malali ko Barnawa ko Kawo za ka iya samun layi biyu maƙwabta, farashinsu ba ɗaya ba.

Idan rasit ya nuna Band A kake, to akwai haƙƙin da ke tafiya da wannan farashin. Ka sami littafi ka riƙa rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke. Umarnin NERC na Afrilun 2024 ya ce fidar da ta kasa cika awa 20 har kwana bakwai a jere, a sauke ta zuwa rukunin da ya dace da wutar da take bayarwa. Magana da baki ba ta da nauyi a ofis, amma rubutun gida biyar ko goma na layi ɗaya, da kwanan wata da lokaci, yana da shi.

Batun bashi ya fi shafar 'yan haya. Mutum ya tare a sabon gida, ya loda kati, ya ga yunit ya zo a gutsure, ashe tsohon bashin gidan ake cirewa. Kafin ka biya kuɗin haya, ka karɓi lambar mita ka sayi katin naira dubu ɗaya ka ga abin da zai fito. Idan akwai bashi, a warware shi da mai gida a rubuce tun kafin ka kawo kaya.

Mataki na biyu: auna gidanka

Yunit shi ne mudun wuta. Kayan da ke jan wat 1,000, idan ya yi awa ɗaya a kunne, ya sha yunit ɗaya. Mai wat 100 sai ya yi awa goma kafin ya sha hakan. Kowane kaya yana da takarda ko tambari a bayansa ko a gindinsa da ke nuna wat ɗinsa, lamba ce da harafin W a gabanta. Ninka wat da awannin da yake yi a kunne, raba da 1,000, ka sami yunit ɗin rana. Ninka da 30, ka sami na wata. Lissafin ke nan gaba ɗaya.

A littafin nan naka, ka riƙa rubuta ragowar yunit sau biyu a rana, bayan sallar asuba da bayan isha'i, har mako guda. Gefe guda kuma ka rubuta abin da aka yi: ranar guga, ranar da aka tayar da ruwa, daren da aka kwana da esi. Kafin mako ya ƙare za ka ga ranakun da yunit ya yi tsalle, ka ga dalilinsu a gefe.

Akwai gwaji guda da nake so kowa ya yi, kuma ba ya ɗaukar minti goma. A jikin mita akwai wata 'yar jar fitila mai ƙiftawa, kusa da ita an rubuta lamba kamar 1000 imp/kWh, wasu 1600, wasu 3200. Ma'anarta, ƙiftawa nawa ke cika yunit ɗaya. Lokacin da akwai wuta, kashe komai na gidan, ka zare firij da firiza da talabijin daga soket, sannan ka tsaya ka kalli fitilar. Ya kamata ta daina ƙiftawa. Idan ta ci gaba, akwai abin da ke jan wuta ba da saninka ba: ko waya ta goge tana zubar da wuta cikin bango, wanda ya fi faruwa da damina a tsofaffin gidaje, ko akwai layin da ya fita zuwa shagon ƙofar gida ko ɗakin maƙwabci tun zamanin da ba a sa mita ba. Kashe makunnan babban akwati ɗaya bayan ɗaya har ka ga wanda ya tsayar da ita, sannan ka kira mai gyaran wuta ya bi wannan layin. Idan mitarka a saman falwaya take, kada ka hau. Yi aiki da 'yar na'urar da kake loda kati, ka kashe komai na tsawon awa biyu ka ga ko yunit ya ragu.

Da wannan fitilar kuma za ka iya auna kowane kaya. A mita mai lamba 1000, kunna abu ɗaya tak, ƙirga ƙiftawar minti ɗaya, ninka da 60, abin da ya fito shi ne wat ɗin da yake ja. Dutsen guga zai ba ka ƙiftawa 17 zuwa 20 a minti. Ƙwan LED kuwa sai ka yi minti shida ko bakwai kafin ka ga guda. Ka tara iyali su gani da idonsu, ya fi duk wani faɗa da za ka yi.

Mataki na uku: manyan masu ci

A nan kuɗin yake, don haka a nan za mu daɗe.

Ruwan wanka. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, babu abin da ke cin katin talaka kamar hitar bokiti. Tana jan wat 1,000 zuwa 1,500. Kafin bokiti mai lita 20 ya tashi daga sanyin asuba zuwa ɗumin wanka, sai ya sha fiye da rabin yunit. Gida mai mutum takwas, kowa da bokitinsa, ya kusa yunit biyar ke nan kullum, wajen 140 a wata, sama da naira dubu talatin a Band A. Kuma wannan idan an cire hitar a kan lokaci ne. Yawanci ana jefa ta a tafi wani aikin, ruwa ya tafasa, a dawo a surka da na sanyi, a zubar da saura. Dabarar ita ce a ɗumama iya abin da ake bukata, a rufe bokitin don zafi ya tsaya, kuma mutum ɗaya babba ya riƙe aikin. Yara su yi wanka da rana bayan sun dawo daga makaranta, baƙar jarka da aka ajiye a rana tun hantsi tana ba da ruwa mai ɗumi kyauta. Masu hitar bango kuwa, kuskuren shi ne barin ta a kunne dare da rana. Minti 20 zuwa 30 kafin wanka ya isa, sai a kashe.

Zan tsaya a nan in faɗi abin da ya fi kuɗi muhimmanci. Idan aka ɗauke wuta ana cikin aiki da hita ko dutsen guga ko hot-filet, a zare su nan take. Sau da yawa ana barin su a jone a fita, a kawo wuta gida ba kowa, ruwa ya ƙone, roba ta narke. Da iskar hunturu, gobara ba ta jira. Ko da Allah ya kiyaye, duk fanka da ƙwan da aka bari a kunne za su yi ta aiki a ɗakin da ba kowa. Ya zama ƙa'idar gida: wanda ya fita a ƙarshe ya duba makunnai, ko akwai wuta ko babu.

Esi. Daga Maris zuwa Mayu, kafin ruwa ya sauka, ita ke karɓar ragamar. Mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan wat 1,100 zuwa 1,200 idan kwamfaresa, wato injin da ke samar da sanyin, na aiki. A daren bazara guda za ta iya shan yunit shida, wato 180 a wata, kusan naira dubu arba'in daga ɗaki ɗaya. Sa ta a kan 16 ba ya sa ɗaki ya yi saurin sanyi, abin da yake yi kawai shi ne hana kwamfaresa hutawa. Ka ajiye ta a 25 ko 26, ka kunna fanka tare da ita, jikinka zai ji sanyin da kake nema, ita kuma ta riƙa tsayawa tana hutawa. Ka sa ta ta mutu da kanta bayan awa uku ko huɗu, fanka ta ƙarasa daren. Ƙurar hunturu tana toshe ragar cikinta, a cire a wanke kafin zafi ya shigo, a ci gaba da wankewa duk bayan mako biyu. A toshe ƙasan ƙofa da tagar da ba ta rufuwa. Ɗakin da kwano ne kai tsaye ba silin, ko wanda tagarsa ke kallon yamma ba labule mai kauri, duk esin da aka sa masa wahala za ta sha, katinka ma haka. Idan lokacin sayen sabuwa ya yi, mai inbata ta fi tsada a shago, amma tana rage gudu maimakon ta riƙa tashi da ƙarfi tana mutuwa, kuma ga mai kunnawa kullum tana biyan kanta.

Firij da firiza. Ba su da ƙarfin ja sosai, amma ba sa hutu. Lafiyayyar firiza tana shan yunit ɗaya zuwa biyu a rana, tsohuwa 'yar Kwatano da robar bakinta ta saki tana iya ninka haka. Gwada robar da takardar kuɗi: sa ta a bakin ƙofa ka rufe, ka ja. Idan ta zame ba tare da ta riƙe ba, sanyi na fita, a canza robar, kuɗinta bai kai abin da take jawowa ba. A ja firij daga bango kamar tsawon tafin hannu, a nisanta shi da murhu da hasken rana, a kakkaɓe ƙurar bayansa. Idan ƙanƙara ta yi kauri a jikin firiza, a kashe a narkar.

Uwargida, idan kina sana'ar ƙanƙara ko zoɓo ko kunun aya, wannan naki ne. Kada ki zuba zoɓo da zafinsa, bar shi ya huce sarai tukuna. Ki tara cinikin yara a kula, ki riƙa ciro da yawa lokaci ɗaya maimakon buɗe firiza duk wanda ya yi sallama. Sannan ki auna abin da firizar ke sha a rana, ki sa shi cikin kuɗin kaya tare da sukari da leda. Mata da yawa suna ganin suna cin riba, alhali ribar tana fita ta aljihun maigida a wajen sayen kati, kuma daga nan saɓani ke farawa. Idan lissafin ya fito fili, kowa ya huta.

Girki. Ko a dafa da wuta ko da gas, amsar tana ga rukuninka. Kilo ɗaya na gas yana yin aikin da hot-filet zai yi da yunit tara zuwa goma. To, kwatanta kuɗin kilo ɗaya a inda kake ɗurawa da kuɗin yunit tara a rasit ɗinka. A Band A yunit tara ya haura naira dubu biyu, gas ya fi sauƙi. A ƙananan rukunai lissafin na iya juyawa. Ko da me ake girki, a rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare, a tafasa iya ruwan shayin da za a sha, sauran a zuba a filas. Butar lantarki tana jan wat 1,500 zuwa 2,200, kuma akwai gidajen da ake kunna ta sau goma a rana don kofi ɗaya ɗaya.

Guga a tara shi a yi lokaci ɗaya, a fara da kaya marasa nauyi, a zare dutsen kafin a ƙarasa, ragowar zafin ya isa gyale da hankici. Injin tayar da ruwa mai doki ɗaya yana shan kashi uku cikin huɗu na yunit a kowace awa, kuma kowa ya san ƙarar tankin da ya cika yana ambaliya ba wanda ya tashi. A sa masa makunni mai kashe kansa idan tanki ya cika, a gyara famfo da masai masu yoyo, domin duk ruwan da ya zube da wuta aka tayar da shi.

Mataki na huɗu: ƙananan da ke taruwa

Fanka ce aka fi rainawa. Ta sama tana jan wat 70 zuwa 80. Uku a kunne awa goma a rana sun haura yunit biyu, kusan 70 a wata. Fanka ba ta sanyaya ɗaki, jikin mutum take sanyayawa, don haka barin ta a ɗakin da ba kowa asara ce tsantsa. Masu caji da ake samu a Kasuwar Gumi da sauran shagunan kayan wuta suna jan wat 15 zuwa 30 ne kawai.

Idan har yanzu akwai tsohon ƙwai mai jan haske a gidanka, cire shi yau. Guda goma masu wat 60, awa shida a rana, yunit uku da rabi ne. LED goma masu wat 9 rabin yunit ne, kuma hasken ɗaya. Sai dai ka sayi mai kyau, na bogi yana mutuwa cikin 'yan makonni. Cajar waya kuwa, ko wata guda ta yi a soket ba waya a jikinta, ba za ta sha yunit ɗaya ba. A bar yara su huta a kanta.

Masu inbata mai tara wuta a batir su lura: duk wutar da batir ya ba ka da dare, daga mita ya ɗebo ta, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu yana ɓacewa a tsakanin caji da amfani. Batirin da ya mutu ya fi muni, yana ta jan wuta ba ya cika.

Mataki na biyar: gidan haya mai mita ɗaya

A Rigasa, Tudun Wada, Badarawa, Unguwar Dosa da Hayin Banki, gidaje nawa ne iyali biyar ko takwas ke kan mita ɗaya? Al'adar ita ce a raba kuɗi daidai ko a raba bisa yawan ɗaki, kuma a ganina wannan zalunci ne da ba a yi niyya ba. Gwauro mai ƙwai ɗaya da fanka yana biya wa mai firiza biyu. Da zarar ya gane, shi ma sai ya sayo hita, tunda ko ya yi tattali ba zai gani a aljihunsa ba. Haka kati zai riƙa ƙarewa kowa na zargin kowa.

Mafita mafi tsafta ita ce kowane ɓangare ya nemi mitarsa. Kafin hakan ya samu, a sa wa kowa ƙaramar mitar duba a bayan babbar, irin wadda ake sayarwa a shagunan kayan wuta. Ba ta taɓa mitar kamfani, aikinta kawai ta nuna abin da kowane ɗaki ya sha. Ƙarshen wata a karanta a gaban kowa, a raba na injin ruwa da ƙwan zaure daidai. Idan babu halin wannan ma, a zauna a rubuta kayan kowane ɗaki da wat ɗinsu, a raba kuɗin bisa hakan.

Yadda aka kai maganar yana da tasiri. Kada ka fara da wane ne ke cinye wuta. Je wa mai gidan da lissafinka: "Baba Alhaji, na auna na ga gidan nan muna shan yunit kaza a mako. Da za ka amince a sa wa kowane ɗaki ƙaramar mita, kowa ya sayi tasa, da kai ma ka huta da rabon faɗa duk wata." Da wuya dattijo ya ƙi abin da zai ɗauke masa shari'a.

Mataki na shida: idan ba ka da mita, ko kana ganin an yi maka ƙari

Wanda ake kawo wa bil na ƙiyasi, duk tattalin da zai yi ba zai gani a takarda ba. Babban aikinsa shi ne neman mita. Akwai tsarin MAP da aka kafa a 2018, inda kake biyan kuɗin mita a saka maka, a riƙa mayar maka da kuɗin sannu a hankali ta hanyar yunit. Akwai kuma shirin raba mita kyauta da gwamnatin tarayya ta fara a 2020, wanda aka tsara ya zo kashi-kashi. Ka nema ta ofishin Kaduna Electric na yankinku ko hedikwatarsu da ke titin Ahmadu Bello, ka biya ta asusun da aka rubuta a takardar neman, ka riƙe rasit. Kada ka ba wani kuɗi a hannu don ya ce yana da hanya.

Kafin mita ta zo, ka san cewa tun Fabrairun 2020 NERC ta sa iyaka ga yawan yunit da za a ƙiyasta wa gidan da ba mita, kuma ana fitar da iyakar bisa fida. Idan bil ɗinka ya haura ta, kana da hujja. Rubuta takardar koke zuwa sashen karɓar koke na kamfanin, da lambar asusunka, adireshi, watan da kake ƙorafi a kai da kwafin bil, kuma ka sa a buga maka hatimi a kwafin da za ka riƙe. Suna da kwana 15 na aiki su warware. Idan ba a yi ba, ko ba ka gamsu ba, kai ƙara ofishin sauraron koke na NERC da ke Kaduna, daga nan kuma akwai ita hukumar kanta. Yayin da ake duba maganar, ƙa'ida ta ba ka damar ci gaba da biyan daidai bil na ƙarshe da ba ka yi jayayya a kansa ba. Kada ka daina biya gaba ɗaya, bashi ne zai taru a kanka. Haka nan a ƙa'idar hukumar, sayen taransifoma ko falwaya ko gyaransu ba nauyin 'yan unguwa ba ne, duk da na san matsi kan sa a yi karo-karo.

Za a sami wanda zai ce maka zai zagaye mita da 'yar waya, esi da hita su koma kyauta. Kada ka yarda. Tun Janairun 2025 tarar kamun farko ga mai ƙaramin layi, wato mitar single-phase, naira 100,000 ce, ban da biyan wutar da aka sha a baya. Wayar da aka murɗa a ɓoye ita ce ke zafi ta kama silin, kuma nauyin da aka ɗora a sace yana cikin abin da ke ƙona taransifomar da kowa ke kai.

Mataki na bakwai: janareta da sola

Duk tsadar Band A, janareta ya fi shi. Litar fetur ɗaya a ƙaramin janareta da wuya ta ba da abin da ya wuce yunit biyu, kuma tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya san kuɗin lita. Don haka aiki mai nauyi, guga da tayar da ruwa da daskarar da firiza, a yi shi lokacin da NEPA ta kawo, a bar wa janareta haske da fanka.

Sola tana da kyau a Kaduna, rana ba ta yi mana rowa ba. Faranti mai wat 400 yana ba da yunit ɗaya da rabi zuwa biyu a rana mai haske, ya ragu a watan Agusta saboda hadari, ya ragu da hunturu idan ba a goge ƙura. Amma na sa ta a ƙarshe da gangan. Gidan da ke shan yunit 15 a rana zai bukaci farantai da batir na miliyoyi, wanda ya fara rage shansa zuwa biyar zai sayi kashi ɗaya cikin uku na wannan. Ka fara da abin da ba ya iya jira, ƙwai da fanka da caji da firij, ka bar hita da dutsen guga da esi a layin NEPA. Idan za ka je wurin mai haɗawa, tafi da littafinka mai yunit ɗin rana da na dare, domin na dare shi ne zai nuna girman batirin da kake bukata, kuma batir ne ya fi komai tsada a cikin kayan.